Ga wanda zai bar nama ya koma kifi: ɗanye, banda, salanga, na ƙanƙara ko na gwangwani?

Da zarar likita ya ce wa mutum ya rage jan nama saboda hawan jini ko kitse a jini, kifi ne ke fara faɗo masa a rai. A yankinmu na arewacin Kamaru da Chadi samunsa ba wahala. Logon da Shari suna haɗuwa a bakin Kuseri da Njamena, Binuwai ta ratsa Garwa, ga madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa, ga ta Lagdo da aka kammala a 1982, ga Tafkin Chadi can arewa. Inda gizo ke saƙa shi ne kifin yana isowa kasuwa ta hanyoyi biyar, kuma ba dukkansu ne ke kai mutum ga lafiyar da yake nema ba. Wani ya bar tsire da kilishi ya koma banda da soyayyen kifin bakin titi, ya ƙara dunƙulen magi a miya don ta yi ɗanɗano, bayan wata uku a gwada shi a tarar jinin yana nan inda yake.

Tsarin da ake magana a kai shi ne a ajiye naman shanu da na rago da na akuya da kaza, a riƙe kifi, ƙwai, nono, wake, ganye da hatsi. Shawarar da ƙungiyoyin likitocin zuciya suka daɗe a kai ita ce cin kifi sau biyu a mako, a sa mai maiƙo a ciki. A 2015 kuma sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya saka naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji, ya ce jan nama ma akwai yiwuwar haka. Wannan magana ce a kan yawan ci a kullum. Yankan naman layya ko na suna ba shi ne abin tsoro ba.

Ma'aunai biyar

Da abubuwa biyar za mu auna kowane irin kifi. Na farko kuɗi, amma ba kuɗin kashi a faifai ba, kuɗin abin da zai shiga ciki. Ɗanyen kifi in aka cire kai da kayan ciki da ƙaya, kusan rabinsa ya tafi. Busasshe kuwa ruwa ne ya fita daga jikinsa, sai an busar da kilo uku ko huɗu kafin a sami kilo ɗaya. Saboda haka abin da ya fi tsada a ido ba lalle ne ya fi tsada a tukunya ba.

Na biyu daɗewa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, wuta kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Na uku sauƙi: samunsa duk shekara, aikin gyara, itace ko gawayin da zai ci. Na huɗu haɗari, wanda a nan ya fi yawa a hannun ɗan Adam fiye da jikin kifin. Na biyar abin da jiki zai samu: furotin, man omega-3 da ke taimakon zuciya, kalsiyam, sinadarin ƙarfe mai gina jini, da kuma yawan gishirin da ke biyo su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci.

Ɗanyen kifi

Karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, kurungu, bargi, giwan ruwa. Kowane giram 100 na tsokarsu yana ba da furotin kimanin giram 18 zuwa 20, daidai da nama, ba tare da daskararren kitsen nan na shanu da rago ba. Gishiri babu sai wanda ka zuba da hannunka, kuma ga mai hawan jini wannan kaɗai ya isa ya sa ɗanye a gaba. Rauninsa shi ne omega-3: kifin kogunanmu, musamman karfasa, ba ya kusa da na teku a wannan fanni.

Farashinsa yana bin ruwa. Idan ambaliyar Logon ta fara janyewa daga fadamu, wajen Nuwamba zuwa Janairu, kifi yana cika kasuwannin Yagwa, Maga, Kuseri har Marwa, ya yi araha. Da damina kuwa ana rufe kamun kifi a Maga da Lagdo daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba don kifi ya hayayyafa, sai ya yi ƙaranci ya yi tsada. Wanda zai jingina cimarsa ga ɗanyen kifi sai ya san da watannin nan uku tun kafin su zo. Giwan ruwa kullum yana da tsada domin otal-otal da masu hali ke wawashe shi. Tarwaɗa ta fi riba ga gida: ba ɓawon kankarewa, ƙaya kaɗan ce, kuma tana jimre wa zama a ɗan ruwa, shi ya sa ake sayar da ita da rai a cikin baho. Ga wanda ba shi da firji, tarwaɗa mai motsi ta raba gardama.

Sauran kuwa sa'o'i kaɗan suke da su. Kifin da aka kama da asuba, in ba ƙanƙara, kafin la'asar ya fara sauyawa a lokacin bazara. In ka tsaya gaban mai kifi a kasuwar Dembe ta Njamena ko ta Marwa ka ce, "Inna, na yau ne?" amsar da za ka ji ita ce, "Haba ɗana, yanzu aka sauke shi." To, ka gaishe ta, sannan ka ɗaga murfin kunnen kifin. Cikinsa ya zama ja jawur, ba ruwan toka ko ƙasa-ƙasa mai yauƙi ba. Idon ya fito tarwai, bai loɓa ba. Danna yatsa a gadon bayansa: in wurin ya taso nan take, saya. In ramin yatsar ya zauna, ko cikin ya kumbura ya yi laushi, ka ce Allah ya ba da kasuwa ka ƙara gaba. A shari'a kifi ba ya buƙatar yanka, mushensa ma halal ne, amma halaccin ba ya nufin wanda aka tsinto yana yawo a saman ruwa ba zai cuce ka ba, balle da yake akwai marasa tsoron Allah da ke zuba maganin ƙwari a kududdufi da rani don su kwashe kifi a sauƙaƙe. Maganin wannan guda ɗaya ne, ka riƙe mai kifi ɗaya da ka san daga inda kayanta ke fitowa.

Wasu na gudun kifin tafki wai yana kawo tsargiya. Shiga ruwan ne ke kawo ta, ba cin kifin ba. Abin kiyayewa shi ne dafuwa sosai da tsabtar ruwan wanki, musamman da damina lokacin da kwalara ke ɓulla.

Sai batun suya, inda yawanci ribar ke zubewa. Kifin da aka tsoma a man da ya kwana uku yana komawa kan wuta har ya yi baƙi ya rasa abin da aka zo nema. Farfesu, gashi, ko a saka shi cikin miyar yakuwa ko kuɓewa, su ne hanya.

Banda

A nan zan daɗe, domin ita ce aka fi rungumar ta, kuma ita ce ta fi buƙatar ido.

Banda ita ce kifin da aka yayyanka aka ƙyafe a kan hayaƙi, kuma ita ce jigon cinikin kifin Tafkin Chadi tun da daɗewa, daga Darak da Blanguwa zuwa Kuseri da Marwa, da kuma ta Baga zuwa Maiduguri har kudancin Najeriya. Rashin tsaron da ya addabi bakin tafkin tun wajen 2014 ya dagula wannan hanya, kuma farashin banda a wurinmu yana motsi da abin da 'yan kasuwar ƙetare ke biya. A ido tana da tsada. In ka tuna kilo nawa na ɗanye aka ƙyafe kafin a same ta, sai ka ga ba ta wuce misali ba, ga shi gutsure biyu ko uku sun ishi tukunyar miyar kuka ta ɗauki ƙamshi. Tana yin makonni, in an ƙyafe ta da kyau ana kuma shanya ta lokaci-lokaci tana kai 'yan watanni. Ana samunta rani da damina, a birni da ƙauye. Ta fuskar sauƙi babu kamarta.

Haɗarinta kashi biyu ne. Na farko hayaƙin kansa. Kifin da aka ɗora dab da harshen wuta, maikonsa na ɗiga a garwashi, yana ɗaukar sinadaran hayaƙi waɗanda aka tabbatar wasunsu na jawo kansa, kuma iya baƙin da ƙonewar, iya yawansu. Wanda ya guje wa naman da aka sarrafa da hayaƙi sannan ya mayar da banda abincin safe da dare bai yi nisa da inda ya baro ba.

Na biyu ya fi muni. Akwai ƙwaro da ke shiga busasshen kifi ya cinye tsokar ya bar gari da ƙaya, kuma asarar da yake jawo wa 'yan kasuwa babba ce. Don haka wasu ke yayyafa wa buhunan maganin ƙwari, irin su piya-piya, wanda ba a yi shi don abinci ba. Ba kowane mai banda ke yin haka ba, amma ba a rubuta a goshin kowa ba. Ɗauki gutsure ka karya. Mai kyau yana da ƙarfi, launinsa ja-ja mai duhu, cikinsa tsoka ce a haɗe, ƙamshinsa na hayaƙi ne zalla. In gari ya zubo maka a tafin hannu, ko ka ga ƙananan ramuka, ƙwaro ya riga ka. In ka ji wari mai kama da kananzir ko fetur, ajiye. Sannan ka dubi teburin: tulin kifi a tsakiyar kasuwa, na maƙwabta ƙuda na bi, shi ko ɗaya bai sauka a kansa ba, wannan ba tsabta ba ce.

A gida a jiƙa ta a ruwan zafi, a kankare baƙin, a zubar da ruwan, a sake wankewa. Wannan yana rage datti da wani ɓangare na abin da ke samanta, ba ya cire abin da ya shige tsoka. A ganina banda kayan miya ce, kamar daddawa, ba abin da za a ɗora lafiyar zuciya a kansa ba.

Salanga da ƙananan busassun kifi

Salanga, wanda mutanen Chadi suka fi kowa sani, ana tsaga shi ne a shanya a rana, ba hayaƙi. Haka ƙananan kifayen da ake aunawa da kwano. Su ne mafi arha in aka auna da abin da jiki ke samu, kuma su ne aka fi rainawa. Busasshen kifi yana iya kai giram 60 na furotin a cikin 100, sannan ƙananan ana cin su ne da kai da ƙaya, inda kalsiyam da sinadarin ƙarfe da zinki suka taru. A ɗan gasa su sama-sama, a daka a turmi, a tankaɗe, a zuba garin a kwalba mai murfi. Cokali biyu a miyar zogale ko lalo, cokali ɗaya a faten yaron da ake shirin yayewa. Wannan aikin ɗanyen karfasa ba ya yin sa, tunda ƙayarsa zubarwa ake yi.

Aibinsu yashi, domin sau da yawa a ƙasa ko kan tabarma ake shanya. Da damina suna jan danshi su yi fumfuna, kuma wanda ya yi fumfuna zubar da shi ake yi, ba kankarewa ba, don gubar da ke lalata hanta ba ta mutuwa da dafuwa. Salanga yana da ɗan mai, in ya tsufa sai ya yi rawaya ya riƙa maƙaƙi a maƙogwaro. Batun maganin ƙwari ya shafe su kamar banda. Wasu kuma ana sa musu gishiri kafin shanya, sai mai hawan jini ya ɗanɗana tukuna, in da gishiri ya jiƙa ya zubar da ruwan.

Kifin ƙanƙara

Makero da 'yan uwansa kifin teku ne, ana shigo da su ta tashar Duwala daga ƙasashe irin su Muritaniya da Senegal. Abin da kogunanmu suka gaza bayarwa shi ke gare su: omega-3 mai yawa, da aidin mai hana maƙoƙo. A kilo ake sayar da shi a kan sikeli, farashinsa ba ya bin damina ko rani, tsoka ce da yawa, gyara ba wuya.

Amma daga Duwala zuwa Marwa ya fi kilomita 1,300, Kuseri kuma ta fi haka nisa, sanyin kuwa ana so kada ya yanke ko sau ɗaya. Makero na cikin kifayen da in suka ɗumama suke tara wani sinadari, histamin, wanda dafuwa ba ta kashe shi, suya ma haka. Mutum ya ci, cikin mintoci zuwa awa ɗaya fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya sara, wani har da gudawa. Da yawa sai su ce jininsu ne bai haɗu da kifi ba, alhali kifin ne ya narke aka sake daskarar da shi. Alamarsa ƙanƙara mai jini-jini a gindin kwali, kifi a lanƙwashe ko manne da juna, ciki a fashe, ko ɗan yaji a harshe da ba na barkono ba. A saya a shagon da ke da janareto ko sola, a saya yana daskare kamar itace, ba wanda aka baza a tire tun safe ba, a dafa a ranar. Mutumin Ngaundare da Garwa ya fi na Kuseri kwanciyar hankali a nan.

Na gwangwani

Sardin, yawanci daga Moroko, gwangwanin giram 125. Shi ya fi kowanne tsada in aka auna da ɗan kifin da ke ciki bayan an tsiyaye mai, shi kuma ya fi kowanne daɗewa, shekaru, ba firji ba wuta. Yana da omega-3 kusan giram 1 a cikin 100, ƙayarsa ta yi laushi ana cinyewa don haka kalsiyam ya wuce miligiram 300. Gishirinsa ya kusa giram 1 a gwangwani, sai a rage na miya. A duba kwanan wata, a guji wanda ya kumbura, ya yi tsatsa ko ya lotse a bakin murfi. In an buɗe a juye a kwano a cinye a ranar.

| Iri | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Babban haɗari | Abin da ya fi bayarwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Ɗanye | araha da kaka, tsada da damina | sa'o'i, sai tarwaɗa mai rai | sai an gyara, sai kusa da ruwa | ruɓewa, man suya | furotin ba gishiri |
| Banda | matsakaici zuwa tsada | makonni zuwa watanni | ko'ina, kowane lokaci | hayaƙi, maganin ƙwari | furotin, ɗanɗano |
| Salanga da ƙanana | mafi arha | watanni, in ba danshi | sai an wanke yashi ko an daka | fumfuna, maganin ƙwari | kalsiyam, sinadarin ƙarfe |
| Na ƙanƙara | matsakaici, ba ya bin yanayi | yini ɗaya in ba firji | a birane kawai | narkewa da sake daskarewa | omega-3, aidin |
| Na gwangwani | mafi tsada | shekaru | buɗe ka ci | gishiri, kumburarren gwangwani | omega-3, kalsiyam |

Gurbin da nama zai bari

Bitamin B12 ba abin damuwa ba ne, kifi da ƙwai da nono sun wadatar. Sinadarin ƙarfe ne ke raguwa, domin jan nama ya fi farin kifi shi nesa ba kusa ba, ga shi ƙarancin jini ya riga ya yi yawa a tsakanin mata da yara. Wake, ƙosai, zogale, riɗi da garin ƙananan kifi su ne za su cike gurbin, a matsa lemun tsami ko a sa tumatir don jiki ya fi ɗauka. Shayi kuma, wanda a Njamena da Kuseri ba a raba shi da ƙarshen abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin nan. A ba shi tazarar awa ɗaya bayan an ci.

Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Miyar da aka zuba wa huɗu ko biyar, ko da giwan ruwa ne a ciki, ba ta mai hawan jini ba ce. Daddawa, tafarnuwa, citta da albasa suna ɗauke mafi yawan aikinsa. Maganar cewa haɗa kifi da nono na kawo albaras kuwa, likitanci bai tabbatar da ita ba.

Wanne ya dace da wa

Mai hawan jini ko ciwon suga da ke zaune kusa da ruwa, a Kuseri, Yagwa, Lagdo, Garwa ko Njamena: ɗanyen karfasa da tarwaɗa su zama ginshiƙi, a farfesu ko gashi, sannan sardin ko makero sau ɗaya ko biyu a mako saboda man da kifin kogi ba shi da shi. Banda ta tsaya a ƙamshin miya.

Wanda ke nesa da ruwa kuma ba wuta, kamar ƙauyukan duwatsun Mandara wajen Mokolo da Mora: ƙananan busassun kifi marasa gishiri da wake da ƙwai, a sayi kifin da yawa lokacin sanyi yana sabo, a daka a adana. Kifin ƙanƙarar da ya iso kan babur cikin rana ba nasa ba ne.

Mai juna biyu da mai shayarwa: ban ga dalilin barin nama kwata-kwata ba sai in likita ne ya ce, saboda buƙatar jini. Kifi ƙari ne mai kyau, musamman sardin da ƙanana. Manyan kifaye masu cin 'yan uwansu, kamar ƙaton giwan ruwa, sun fi tara zaiba a jikinsu, sai a riƙa cin su jefi-jefi.

Direban hanyar Ngaundare zuwa Kuseri, ɗalibi a ɗakin haya, ɗan kasuwa mai kwana a tasha: gwangwani da burodi da albasa da tumatir ya fi soyayyen kifin da ba a san ranar da aka kama shi ba.

Mai gida mai iyali da yawa da aljihu ya yi ƙunci: garin ƙananan kifi a miya kullum, ɗanye idan ya yi araha daga Nuwamba zuwa Janairu.

Mai ciwon gaɓoɓin nan da likitoci ke kira gawut ya yi hankali da sardin da makero da busasshen kifi, suna tayar da shi, ɗanyen karfasa ya fi masa sauƙi. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya ƙara kifi ko wake a cimarsa sai ya tambayi likitan da ke duba shi nawa ne ma'auninsa na furotin a yini.